Zan Sa Masa Adda

Tawoma, ta hanyar Pendembu
14 ga Mayu, 1978

Zuwa ga ƙanena Vandi, akawu a tashar jiragen ruwa, Freetown.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da matarka Mabinti, da 'yarmu Sattu. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata ta hagu da ke faɗa mini zuwan ruwa tun hadari bai haɗu ba. An fara shukar shinkafar tudu. Pa Jusu, tsohon akawun kotu, shi ke riƙe da alƙalami kamar kullum, kuma na gargaɗe shi abin da na faɗa shi zai rubuta, kada ya zuba mini sukari a ciki.

Shekara shida ke nan rabonka da garin nan. Katin gaisuwa mai hoton jirgi da kake aiko mini duk shekara ina gani, na gode. Amma kakana da kakanka ciki ɗaya suka fito, kuma zumunta a ƙafa take, ba a ambulan ba.

To, maganar goron Sattu ce ta kawo ni wajen Pa Jusu. Ka tuna lokacin da ka aiko direban motar Pendembu da cibiyarta a cikin kwalin ashana, an naɗe da farin ƙyalle? Kai ka ce a binne ta a ƙasar kakanni, a dasa mata goro a kai kamar kowane ɗa na gidan nan, don kada gobe wani ya ce mata baƙuwa. Ni na zaɓi farin goro mafi girma a kwandona, na rufe shi cikin danshin ganye har ya tsiro. Na dasa ayaba huɗu a kewaye, don ƙaramin goro ba ya son rana. Rani uku ina ɗauko masa ruwa daga rafi a kaina. Na yi masa shinge saboda awaki, awakin suka cinye shingen, na sake wani. Bara ma ni na jingina tsani na hau na cire masa kauci, da wannan gwiwar tawa.

Yau shekararsa goma sha ɗaya. Sa'o'insa da aka dasa damina ɗaya da shi shekara uku ke nan suna cika wa masu su kwando. Shi kuwa ya yi tsawo, ya yi ganye, ya baje abinsa, ko fure ɗaya bai taɓa yi mini ba. Mata sun fara magana a rafi, ka san bakinsu. Ni dai haƙurina ya ƙare. Kafin ruwa ya kankama zan sa masa adda.

Ɗana Lansana ya sassabe gefen nan na gabas zai zuba koko, tunda yanzu kowa koko yake yi. Yana gaishe ka. Ka gaida Mabinti, ka ce wa Sattu gwaggonta tana so ta ga tsawonta da ido, ba a hoto ba.

Yayarka,
Baindu


Freetown
2 ga Yuli, 1978

Ngo Baindu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Sattu ta yi zazzaɓi makon jiya amma ta tashi, har ta koma makaranta. Allah ya sawwaƙe ciwon gwiwa.

Wasiƙarki ta yi mako shida a hanya, kuma da ma ba ta iso ba. Sau uku na karanta ta ko idona ne ke yi mini ƙarya. Da na karanta wa Mabinti, zama ta yi a ƙasa tana kuka. Adda, Ngo, yayata? A kan goron da cibiyar 'yata ke kwance ƙarƙashinsa? Ke da bakinki, kuma har ki sa a rubuta mini kamar labarin shukar shinkafa?

Kada ki ɗauka zaman birni ya toshe mini kai. A layi ɗaya kin ce za ki sa wa goron adda, a layi na biye kin ce Lansana yana buɗe wurin koko a gefensa. Ruwa ba ya tsami banza. Na kuma san abin da ake faɗa a rafin nan da kike magana. Tun ranar da na auro Mabinti ake ce mini na auro bare, da aka haifi Sattu aka ce 'yar ƙabilar Temne ce ba tamu ba. Yarinyar nan a birni ta tashi, yarenmu ma rabi-rabi take ji. Ba ta da ɗaki a Tawoma, ba ta da gona, ba ta da kome sai itacen nan. Ranar da na faɗi na mutu, shi ne zai tsaya ya ce ita 'yar gidan ce. In aka kayar da shi, da me za ta nuna?

In bai haihu ba, ina ruwan wani? Na ce miki goron sayarwa nake nema? Ya tsaya haka da ganyensa har tashin duniya, ni ya ishe ni.

Ban tsaya jiran amsarki ba, don kafin ta iso aikin gama ya gama. Na rubuta wa mai gari, Maada Kpana, na kai ƙara. Wani ɗan sanda da aka yi wa canji zuwa Pendembu zai miƙa masa hannu da hannu. Na roƙa a ƙulla wa goron ganye, kada kowa ya kusance shi. Ban so abin ya kai haka tsakanina da ke ba, amma ke kika ja.

Ƙanenki,
Vandi


Tawoma
9 ga Satumba, 1978

Vandi,

Sallama wajibi ce, to, assalamu alaikum. Na ji Sattu ta warke, alhamdu lillahi. Lafiyata kuwa ba ka da bukatar ji, tunda ƙararka ta riga gaisuwarka isowa da wata biyu. Ruwa ya tafi da gadar katako, wasiƙarka ta zauna a Pendembu sai jiya na same ta. Ɗan sandanka kuwa tun watan Yuli ya haye a kwalekwale.

Ina tsakar gida ina dakan ganyen rogo aka ce mai gari na kira. Ni Baindu, da furfurata, aka tsayar a rumfar shari'a gaban mutanen da rabinsu a bayana na goye su. Aka karanta takardarka da ƙarfi.

Maada Kpana ya ce, "Baindu, an ce za ki sare goron 'yar Vandi."

Na ce, "In sare, Maada? Ni? Cewa na yi zan sa masa adda."

Ya dube ni, ya dubi takardar, sai ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta zame. Ya ce, "Kai jama'a! Yaron nan a wace ƙasa aka haife shi ne?"

Wani daga baya ya ce, "A cikin jirgin ruwa, Maada!"

Rumfa duka ta ɗauka. Ni kaɗai ce ban yi dariya ba.

Bari in koya maka abin da akuyar Tawoma ma ta sani. Goron da ya yi ƙiba ya manta da haihuwa, ɓawonsa ake tsattsagawa da bakin adda, nan da can, ba a kai ga naman itacen, kamar tsagar magani a jikin mutum. In ya ji zafi sai ya tuna abin da aka dasa shi don shi. Wannan shi ne sa wa goro adda, haka iyayenmu suka faɗa, haka muke faɗa. Ubanka da hannunsa ya yi wa naka goron haka. Amma ka tafi makaranta, ka zauna kana buga hatimi a takardun jirgi, har maganar gona ta zame maka baƙon yare.

Na riga na tsaga shi tun watan Mayu, kwana uku bayan wasiƙata. Ka san abin da ya faru? Ya yi fure, Vandi. A watan Agusta ya yi fure, fari mai ja a ciki, a kowane reshe. Shekara goma sha ɗaya ina jiran ranar nan, kuma daga nesa na gan ta, don ba ni da ikon matsawa.

Dalili kuwa, da mai gari ya gama dariyarsa sai ya gyara hula ya ce, "To, ƙara dai an kawo, kuma wanda ya ƙulla shi ke kwancewa." Aka kafa turaku nisan taku goma a kewayen goron, aka ɗaura ganyen kwakwar manja. Ba mai tsallakawa, da ƙarfe ko ba ƙarfe, sai ka zo da ƙafarka ka tsaya a rumfa ka janye maganarka.

Lansana ya ce in faɗa maka kokonsa ya tsaya inda dutsen iyaka ya tsaya, kuma ka daina gaishe shi. Ni kuma ga tawa. Ni da na ɗauko ruwa rani uku, ni ce zan mai da Sattu baƙuwa? Ranar da na jefar da tuluna a rafi na cakumi matar da ta ce goron 'yar Temne ba ya haihuwa a ƙasarmu ta Mende, kana ina? Ka ɓata mini rai, Vandi, ɓacin da ko mijina marigayi bai taɓa yi mini ba, kuma shi gwani ne.

Ka zo ka kwance abin da ka ƙulla. Ciyawa ba ta san ƙara ba, tana nan tana tashi. In rani ya shiga ba a share kewayen nan ba, ka san abin da wutar sassabe ke yi. Ko ita ma ka manta?

Baindu

Ƙari daga mai rubutu: akwai kalmomi biyu da na ƙi sa wa a takarda. Jusu.


Freetown
20 ga Nuwamba, 1978

Ngo Baindu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Sattu ta zo ta uku a ajinsu. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi.

Na ga bayaninki. In haka ne nufinki, to Pa Jusu ya kamata ya rubuta tsaga, ba adda ba. Mutumin da ya yi shekara talatin a kotu bai kamata ya bar magana mai harshen damo a takarda ba. Kuma ban ji daɗin yadda aka mai da ni abin dariya a rumfa ba. Uba ne ya ji tsoro saboda 'yarsa, ban ga abin dariya a ciki ba.

Ban da haka, na tambayi wani abokin aikina da ya yi karatun aikin gona. Ya ce tsaga ɓawo ƙofa ce ta shigar ƙwari da ruɓa, itatuwa da yawa ta nan suke mutuwa. Ban ce da gangan kika yi ba. Amma gani ya kori ji, gara a bar shi yadda yake har in zo in duba da idona.

Yanzu lokacin lodin koko da kofi ne, jirage sun yi layi, ba a ba kowa hutu sai Afrilu. Na haɗo da 'yar takarda zuwa ga Maada Kpana, na ce a bar ki ki shiga ki cire ciyawa da hannu kawai. Ina ganin wannan ya wadatar. Ciyawar wata biyar ba za ta kashe itacen shekara goma sha ɗaya ba.

Mabinti na gaishe ki.

Ƙanenki,
Vandi


Tawoma
8 ga Janairu, 1979

Vandi,

Assalamu alaikum. Muna raye.

Na kai wa mai gari 'yar takardarka. Ko buɗewa bai yi ba. Ya ce, "A rumfa aka ɓata sunan mace, a rumfa za a wanke shi. Takarda ba ta da fuskar da za ta ji kunya." Ganyen yana nan inda yake.

Ka gaishe mini da abokinka mai karatun gona, ka ce masa itacen da tsaga ta kashe ya yi kwasfa tara. Na ƙirga su daga bakin turaku. Sun nuna, sun faɗo, sun fashe a cikin ciyawa. Kurege ya ci rabonsa, sankara ta cinye sauran. Wannan shi ne goron fari na 'yarka, wanda ya kamata in ɓare, in wanke, in naɗe a ɗanyen ganye in aika mata ta fasa da hannunta ta raba wa manya. Ina tsaye ina kallo ya ruɓe.

Pa Jusu ya ce shi abin da aka faɗa ya rubuta, kuma shi a gona aka haife shi.

Ciyawa ta kai ƙirjina, ta bushe ƙayau. A watan Maris za a fara ƙona sassabe. Daga Freetown zuwa nan kwana biyu ne, ba hajji ba ne. Ka zo.

Baindu


Tawoma
27 ga Maris, 1979

Vandi,

Assalamu alaikum. Ban ga amsarka ba, ban kuma ga ƙeyarka ba. Kowa lafiya, sai Lansana da ya ƙone a hannu, yana samun sauƙi.

Gobara ta tashi a gona. Tun kafin ka fara haɗa layi da layi, wutar ba tamu ba ce. Daga sassaben mutanen ƙetaren rafi ta tsallako ranar Talata da azahar, iska ta kwaso ta. Gari duka ya fita da ɗanyun rassa, maza da mata. A gefen kokon Lansana an kashe ta cikin sauƙi, don nan a share yake. Da ta isa bakin turakunka kuwa, sai ta samu abincin da ka tara mata wata takwas. Tashi ta yi sama da tsayin mutum biyu.

Na yi kukan kura zan faɗa ciki, Lansana ya riƙe ni ta baya yana cewa, "Yie, uwata, za ki mutu! Wallahi ba ki shiga!"

Na ce, "Sake ni, ɗan banza, 'yar mutane ce ke ƙonewa!"

Bai sake ni ba. A nan ya miƙa hannu ɗaya yana bugun wuta har ta lashe shi. Gaskiyarsa ce, ranar nan ko ba ganye ba mai iya shiga. Maganin abin tun watan Disamba ne, da fartanya, aikin rabin yini. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Goron yana tsaye, baƙi ƙirin. Ganye babu, ayaba babu, ɓawon gabas ya ƙone har sama. Da ƙasa ta huce Maada Kpana ya zo da kansa, ya zagaya ta waje da sandarsa, ya daɗe yana duba. Ya ce ta yamma, daga gwiwa zuwa ƙasa, akwai sauran ɗanyen ɓawo, saiwa ba ta mutu ba. In aka bar shi tsaye, ruwan farko zai shiga ƙunar, ruɓa ta gangara har saiwa, shi ke nan. In kuwa aka kayar da shi daidai gwiwa, aka karkata saran yadda ruwa zai zurare, aka shafe da laka, mai yiwuwa ya yi toho daga kututture. Mai yiwuwa ya ce, bai ce tabbas ba.

Ka ji ko? Sare shi za a yi. Wannan karon na sa Pa Jusu ya rubuta maka da manyan baƙaƙe don kada a kai ni ƙara: SARA. A kayar da shi ƙasa.

Wuta ta cinye ganyen kwakwar, amma mai gari ya ce ƙullin ba a ganye yake ba. Ko da ya kwance ma, ka saurare ni da kyau. Ko garin nan duka zai durƙusa a ƙofata, hannuna ba zai ɗaga adda a kan goron Sattu ba. An riga an karanta a rumfa cewa ni ce mai sarewa, ba zan mai da ƙaryarka gaskiya ba. Kai za ka yi, da hannun nan naka na buga hatimi. Saura mako uku ko huɗu ruwa ya sauka.

Baindu


Freetown
5 ga Afrilu, 1979

Ngo,

Assalamu alaikum. Ki duba mini hannun Lansana, ko da yake na san ba ya son jin sunana.

Wasiƙarki ta Janairu ta same ni a kan lokaci. Ba hanya ce ta riƙe ta ba, aljihuna ne. Da na nemi kwana huɗu da an ba ni. Rumfar nan na ji tsoro, da dariyar mutane, na ce bari in jira Afrilu ko an manta. Ba ni da wata hujja bayan wannan.

Sattu ce ta karɓi ta ƙarshen daga hannun direba, kafin in dawo aiki ta karance ta. Ta tare ni a ƙofa ta ce, "Baba, in itacen ya mutu, ni 'yar ina ce?"

Za mu shigo motar Alhamis, ni da ita. Ki faɗa wa Maada Kpana ya tara mutane, duk wanda ya yi dariya wancan karon ya dawo ya ƙara. Ban sani ba ko har yanzu na iya riƙe adda.

Ƙanenki,
Vandi


Tawoma
3 ga Yuni, 1979

Zuwa ga Sattu Vandi, a hannunta. Ba ta ubanta ba ce, kada ya buɗe.

'Yata, assalamu alaikum. Ina fata kin koma lafiya, makaranta na tafiya daidai. Ki gaida uwarki. Hannun Lansana ya warke, tabo ne kawai ya rage. Gwiwata kuwa tana nan da halinta.

Kin ga abin da aka yi da idonki, ba sai na maimaita ba. Kin ji yadda ubanki ya janye ƙararsa a rumfa, kin ga yadda ya yi ta fama daga hantsi har azahar a kan saran da Lansana zai gama kafin shinkafa ta tafasa, hannunsa duk ya yi bororo. Na ga kina kuka da goron ya faɗi. Ni ma na yi, na dai juya baya ne don kada ubanki ya samu abin faɗi.

Bayan tafiyarku kullum da safe sai na je. Kwana arba'in da uku ina zuwa ina tarar da baƙin kututture. Ranar Lahadin da ta wuce na durƙusa zan gyara lakar da ruwa ya wanke, sai na gan su ta gefen yamma. Toho uku, jajaye, masu laushi, babban bai wuce ɗan yatsanki ba. Na zauna a ƙasa ina ta surutu ni kaɗai har mai wucewa ya ɗauka na zare.

Na dasa sababbin ayaba don inuwa, na sake shinge. Ba a barin toho uku a kututture ɗaya, sai su yi ta ƙwacen abinci. In sun yi ƙwari za a bar mafi ƙarfi a cire biyu. Ban taɓa ko ɗaya ba. Goronki ne, ke za ki zaɓa, ni kuma in nuna miki yadda ake yi, da yadda ake gane kauci, da lokacin share ciyawa. Shekara huɗu ko biyar zai sake haihuwa in Allah ya so, ko ina nan ko ba na nan, shi ya sa nake so hannunki ya koya tun yanzu.

An ce kin tambayi ubanki ke 'yar ina ce. Ni ya kamata ki tambaya. Ni na haƙa ramin, ni na san zurfinsa, wuta ba ta kai can ba. Ke 'yar Tawoma ce, da toho ko ba toho. Duk wadda ta ce ba haka ba, ta san inda nake ɗiban ruwa.

Ki zo a hutun Agusta, ki zo da takalmin da ba kya tausayi. Ubanki kuwa, in ya ce zai rako ki, ya rako ki, shinkafa ba za ta gagare shi a gidana ba. Amma in mun je gona, a bakin turaku zai tsaya ya yi kallo daga nesa, inda na tsaya wata tara.

Gwaggonki,
Baindu